Kai Mitsila Wurin Uwarta

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi. Ki gaida mini masu ɗinki a shago. Mun sauka lafiya ni da jikarki Mitsila, amma kada ki tambaye ni yau wace rana ce. Da rana muka tashi, muka yi tafiya har bayana ya ƙage, muka sauka rana tana nan inda muka bar ta. Autarmu, uwar Mitsila, ta yi mini bayani, na gyaɗa kai ne kawai.

Kin ce aljihun hagu na jakar na abinci ne, na dama na kunzugu. To tun a wurin bincike na filin jirgi suka zazzage ta, suka ƙwace ɗan almakashina, suka cusa kayan yadda suka ga dama. Duk lokacin da na sa hannu neman biskit, kunzugu nake cirowa.

'Yar tsanarta kuwa tun kafin jirgi ya motsa Mitsila ta wurga ta ƙarƙashin kujeru, har yau ba mu gan ta ba. Na ce bari in kunna mata allon bayan kujera. Na danna nan, fitila ta kama. Na danna can, sai ga ma'aikaciyar jirgi ta zo tana tambaya me nake so. Ta tafi, na sake dannawa, ta dawo. Kunya ta sa na ce ruwa. Ruwan da na sha a tafiyar nan Allah kaɗai ya sani.

Da muka yi sama yarinya ta kama kunnenta ta tsala ihu. Na jijjiga, na yi waƙar da kike mata, ashe rabinta kawai na iya. Matar da ke gefena, ba ma jin yaren juna, ta yi mini alama in ba ta abin sha. Tana haɗiya ta yi shiru. Ban san haɗin kunne da maƙogwaro ba, amma na yi wa matar godiya da hannu biyu.

Abin da ya cece ni tef ɗin awona ne, da na manta a aljihu. Ta auna hancina, ta auna hannun matar, ta miƙe ta auna sanƙon mutumin da ke gabanmu, ni kuma ina faɗin lamba kamar a shago. Mutumin ya juyo fuska a murtuke, ya gan ta, ya sake miƙo mata kan.

Banɗakin kamar akwati yake. Na tsufa ina ɗinka wa mutane wando, amma kunzugu a baibai na ɗaura mata. Da na danna abin kora ruwa, ƙarar da ya yi ni da ita tare muka yi ihu.

Can barci ya sace ni. Na farka na ga kujerarta wayam. Wallahi ban taɓa jin irin wannan faɗuwar gaba ba. Na bi layi ina leƙa ƙafafun mutane, ina tambayar kaina ina yaro zai je a sararin sama. A can ƙarshen jirgi na same ta, inda suke ajiye abinci, ta durƙusa tana auna takalmin ma'aikaciyar nan. Na zauna a ƙasa kusa da ita.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai a filin jirgi ya faru. Auta ta taho da gudu, ta durƙusa ta buɗe hannu. Mitsila ta shige cikin rigata. Na ce mata ga Mama. Ta girgiza kai, ta laluba aljihuna ta ciro waya, ta nuna mini ta ce Mama tana ciki. Auta ta yi dariya, amma a mota fuskarta tana wajen taga har muka isa.

Naki,
Mai Keke

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaisuwa, da fatan kina shan maganin a kan lokaci. Nan gida ne mai ɗaki biyu a hawa na sama, tagarsa tana kallon wata taga. Auta tana dawowa daga aikin asibiti idonta ja, ta zauna a ƙasa da kayan wasa, yarinya tana kallonta daga bayan ƙafata. Mijin Auta ya ce in riƙa ɓuya don yarinya ta saba da uwarta. Yanzu ga ni da furfurata ina laɓewa bayan ƙofar ɗaki, ina jin jikata tana kirana, ina yin kamar ba na nan. Ban sani ba ko gyara nake ko ɓarna.

Naki,
Mai Keke

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Jiya Mitsila ta buge goshi da ƙafar tebur. Na buɗe hannu, ta wuce ni ta faɗa jikin Auta. Abin da ya kawo ni ke nan, na yi hamdala. To me ya sa na shiga ɗaki na kasa cin abinci?

Ganin haka na fara haɗa kaya. Auta ta ce in sulale Mitsila tana barci. Na ce a'a, ban taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, ɓuyar ma ta ishe ni. Na zaunar da Mitsila na ce zan tafi gida wurin Kaka. Ta saurara da kyau, ta sauka, ta ruga ɗaki. Na ɗauka fushi ta yi. Sai ga ta da takalmanta a hannu, ta zauna a bakin ƙofa tana miƙo mini ƙafa.

Ni da Auta ba wanda ya iya kallon wani. Na sa mata takalman, muka sauka ƙasa, muka zaga layin, muka dawo. Na ɗage tafiyar. Ki ce wa masu kaya a shago su ƙara haƙuri. Ke da kika goya Mitsila tun tana jaririya, kuma kika tsaya a ƙofar gida kina ɗaga mata hannu kina murmushi, don Allah ki kira ni ki faɗa mini yadda kika yi.

Mijinki,
Mai Keke