Ƙanena ya saka aladu a gonar Baba, Umma ba ta sani ba

Assalamu alaikum admin, a ɓoye sunana. 'Yan uwa na wannan guruf, don Allah ku ba ni shawara, kwana biyar ke nan ina yawo da wuta a ƙirji, ko abinci ba ya min daɗi.

Ni mace ce, ina zaune a Madina, unguwar Harra ta Yamma, da mijina da yarana da mahaifiyata da muke kira Umma, ɗinkin abaya nake yi a gida. Baba ne ya kawo mu nan tun muna ƙanana, a nan ya rasu Allah ya jiƙansa, ya bar gona ɗaya a ƙauyenmu can wajen Taraba. Mu biyu ya haifa, ni da ƙanena. Shekara huɗu da suka wuce iƙamar ƙanena, wato takardar izinin zamansa a nan, ta ƙi sabuntuwa, ya koma gida ya ce zai raya gonar. Ya je ya tarar tofa ta cinye ta kaf, wanda ya san tofa ya san ko ka ƙone ta sai ta dawo, saboda saiwarta tana can ƙarƙashin ƙasa. Ya yi feshi, ya sa garma, ya bi da fartanya har tafin hannunsa ya fashe, damina biyu bai cika buhu ba.

Kawai sai bara ya fara turo hotuna, ƙasa ta yi baƙi ta yi laushi, masara ta fi mutum tsawo, ga dankali ga gyaɗa. Na tambaye shi ya aka yi, ya ce taki ne da addu'ar Umma. Na yarda, har na sa hoton a status.

Watan jiya ƙanwar Baba, Goggo, ta zo Umara, ƙanena ya ba ta garin masara da gyaɗa ta kawo mana. Ranar da na tuƙa tuwon, Umma tana ci tana hawaye, ta ce ta ji ƙanshin ƙasar mijinta. Ta sa na ɗiba na kai wa maƙwabciyarmu 'yar Chadi da wata tsohuwa 'yar Sudan da suke zuwa Harami tare, ni da ƙafata na kai ina cewa daga gonar Babanmu ne.

Ranar Asabar na raka Goggo masallacin Ƙuba, mun idar muna zaune a harabar muna shan shayi, sai ta ce min, "Ai aladun maƙwabcinku sun yi muku aiki, 'yar nan."

Na ce, "Aladun wa, Goggo?"

Ta ce, "Au, bai faɗa muku ba?" Sai ta kama bakinta, amma maganar ta riga ta fito.

Ashe akwai wani dattijo Kirista da gonarsa ke jikin tamu, yana kiwon aladu. Shi ya ce wa ƙanena ya bar shi ya kafa shinge a cikin gonar ya zuba su, su tone ƙasa da hanci su cinye saiwar tofar, in sun gama da wannan yanki a matsar da shingen gaba. Haka suka yi ta zagayawa har suka gama da rabin gonar, suna tonewa suna kashi a ciki. Wannan shi ne takin da ya ce min. Wallahi a wurin shayin ma zubar da shi na yi.

Ina dawowa shagga, wato gidanmu, na shiga ɗaki na kira ƙanena. Ban ma gaishe shi ba. Na ce ashe maƙaryaci ne shi, ya rasa abin da zai saka a gonar mutumin da ke kwance a maƙabartar Baƙi'a sai hinziri, ya kuma ɗauko abin da ya fito ya aiko wa uwarsa a garin Manzon Allah. Shi ma bai raga min ba. Ya ce bai saya ba, bai sayar ba, bai ci ba, ko taɓa su bai taɓa yi ba, dattijon ne da iyalinsa ke komai, kuma sai da ruwa ya yi ta sauka a wurin kafin ya shuka. Ya ce lokacin da yake kwana da yunwa yana fama da tofa ina ina, ina Madina cikin sanyin mukayyif, wato AC, ina tura masa Allah ya taimaka. Ya ce duk danginmu Musulmi na ƙauyen babu wanda ya ara masa ko shanun huɗa, wannan dattijon ne kaɗai ya tsaya ya dubi halinsa.

Sai na tambaye shi abin da ya fi ci min rai. Akwai wata tsamiya a gonar, a gindinta Baba ya jera duwatsu inda yake salla, Umma tana yawan ba mu labarin wurin. Na ce nan ma aladun sun shiga? Ya ce ya kewaye wurin, amma wata rana sun ɓalle shingen sun birkice shi, shi ya wanke duwatsun ɗaya bayan ɗaya ya mayar. Na ce masa halas, shi ke nan, kar ya ƙara kirana. Na kashe waya.

Mijina ya ce in kwantar da hankalina, ya tambayi wani malami da ya yarda da shi, malamin ya ce amfanin gonar halal ne, ƙasa tana tsarkaka. To na ji, ba na jayayya da malamai. Amma ƙaryar fa? In ya san babu laifi me ya sa ya ɓoye? Ya bar ni na raba wa mutane ina alfahari, kuma kun san bakin mutanenmu a nan, in magana ta fita daga Harra, kafin la'asar ta kai unguwar Uhudu, a ce 'ya'yan wane suna kiwon alade a Najeriya, babu mai tsayawa ya ji bayani. Ina da 'ya'ya mata da za su yi aure a garin nan. Ga Goggo ba ta iya riƙe magana, kuma saura mata kwana tara ta tafi, kullum tana zaune da Umma.

Wani abin haushin kuma, shekaranjiya ya turo min saƙon murya, ba haƙuri ba komai. Wai rabin gonar da ya rage, inda kasona da na Umma suke, har yanzu tofa ce, kuma tana rarrafowa tana komawa inda ya gyara. Wai dattijon ya ce a shirye yake ya kawo su kafin ruwa ya sauka, amsata kawai ake jira. Ya ce in na ƙi ba zai yi min dole ba, amma ba zai sake kashe ƙarfinsa a banza ba, zai bar gonar ya tafi birni ya yi acaɓa. Ya'ani ni ce zan zama wadda ta kashe gonar Baba, ko kuma ni ce zan ce a zuba aladu da bakina. Ku duba inda yaron nan ya ajiye ni.

Umma tana da hawan jini. Ta lura ba ma waya da shi, jiya tana tsintar shinkafa ta ce, "Me ɗan uwanki ya yi miki?" Na ce ba komai. Ta ce ita bayan Hajji in Allah ya yarda za ta je ta ga gonar da idonta. Ni da nake fushin an yi min ƙarya, ga ni ina yi wa uwata.

To ku faɗa min, in zaunar da Umma in gaya mata da kaina kafin ta ji a bakin Goggo, ko in tilasta masa shi ya kira ta tunda shi ya ɗaura? Maƙwabtan da suka ci, wajibi ne in sanar da su? Kasona kuma in bar shi ga tofa, ko in rufe ido in ce to? Masu ilimi da manoma ku yi min magana ta gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba. Amma don Allah kar wanda ya zagar min ƙane a kwamen, ya sha wahalar da ba ku gani ba. Zagin nasa ku bar min, ni na san inda zan same shi.