Gurguwar Kujera da Sakainar Najaha

Matameye, Laraba da hantsi

Zuwa ga Najaha, gawona mai ganye a tsakiyar rani, ruwan randar da aka rufe da faifai tun asuba, raken fadama wanda ko gaɓarsa zaƙi gare ta. Gaisuwa mai yawa, da fatan kin tashi lafiya, ke da Inna da duk mutanen gida.

Ya Najaha! Wannan ce takarda ta huɗu da na fara tun jiya. Ta farko fushi ya yi mata yawa, ta biyu roƙo, ta uku kuwa da na karanta sai na ga ko ni ba zan ba wanda ya rubuta ta aure ba. Wannan ma ban tabbata da ita ba, amma kwana ya ƙure.

Saƙonki ya iso. Ƙanwata Balki ta kawo shi ran Litinin bayan la'asar, na kuma rubuta shi a kayena, littafin rubutuna, yadda ta faɗa, don kada zuciya ta ƙara masa gishiri. Wai a wurin suna mata sun yi ta miƙa wa juna waya, suna kallon hoton da na sa a fuskar WhatsApp ɗina, suna cewa, "Najaha, ga angonki nan, ƙafa uku da rabi!" Wai kin ce in cire gurguwar kujerar nan in sa abin mutunci, in ba haka ba kada in ƙara zuwa zance. Wai kuma ran Asabar Kawu Isufu zai tambaye ki wanda kika tsayar tsakanina da Abdurrazak, shi da ya sa hoton gado mai madubai, wanda matan suka yi ta salati a kansa.

Abin mutunci! To, zo in zagaya da ke Zauren Masu Zarto, ki ga mutuncin da idonki. Mu ashirin da uku ne a cikin wannan zaure na waya, kuma babu ɗayanmu da ke cin abinci da katako. Malaman lakwal ne, wato makarantar boko, da 'yan kasuwa, da wani majo, babban ma'aikacin jinya a gidan likita, da ni mai riƙe da rajistar ɗalibai a kolej. Ran Lahadi kawai muke zama kafintoci. Amma in kika ga hotunanmu sai ki rantse mu muka ƙera jirgin Annabi Nuhu.

Ga Alhaji Cha'ibu, ya rungume zarto mai lantarki da ya sayo a Kano, kamar wanda aka yi wa haihuwa. Shekara biyu ke nan, ledar da aka naɗo shi da ita har yanzu tana jikinsa. Ga Bashir, shi zaki ya sa, baki buɗe, alhali in gizago ya motsa a kusa da shi sai ya ɗauke ƙafa ya hau benci. Ɗan'azumi kuwa babban yatsansa ya ɗauka, naɗe da bandeji, don duniya ta shaida ya taɓa riƙe guduma sau ɗaya. Mutum ɗaya na cire daga wannan raini, Sa'adu, wanda ya sa tsohon gizagon mahaifinsa mai ƙota baƙa wul saboda zufar hannu. Shi ba na taɓa shi.

Sai gwaninku Abdurrazak! Na buɗa hoton gadon nan da yatsu biyu, sau uku, da rana tsaka don kada in zalunce shi. Bayan gadon akwai taga. Ta cikin tagar ana hango rufin gidaje, kuma a kan rufin ƙanƙara ce fara fat, ta kwanta kamar auduga. Yaushe aka yi wannan ƙanƙara a Matameye, ni ina ina? Ko a garinku Dawce ta sauka ba a gaya mana ba? Na tambaye shi a zaure wane itace ne, ya amsa mini da, "Na waje ne, Malam Sallau, ba za ka gane ba." Gaskiyarsa, na waje ne, har da kafintan. Abu ɗaya na taɓa gani da ya fito daga hannunsa, ƙofar akurki, kuma kajin ta ƙarƙashinta suke fita kiwo. Na tambayi kaina a kaye, "Sallau, ba hassada ba ce?" Na yi tunani na rubuta, "Rabi." Amma ko da hassadata, ƙanƙarar tana nan a tagar.

Ba na cewa tawa kyakkyawa ce. Kaicona, na fi kowa sanin aibinta, don ni na haife shi! Bayan rasuwar matata Mariama na fara sassaƙa, saboda hannuna ya rasa abin yi ran Lahadi a gidan da ya yi shiru. Da damina iska ta karya reshen dogon yaro a filin kolej, na ɗauko guntu. Tsoho Shekara, masassaƙin garin Ɗan Barto mai kawo turame ran kasuwa, ya ƙwanƙwasa shi, ya kira ni da kiran da ake yi wa malaman lakwal, ya ce, "Mushe, bar shi ya sha rani ɗaya. Ɗanyen itace maƙaryaci ne." Ni da ke da metir na awo a aljihu da bidiyo a waya, na ga me tsoho zai koya mini? Lahadi tara na yi ina sassaƙa kujera 'yar tsuguno. Ƙafa huɗu, kowace santimetir goma sha takwas, na auna na sake aunawa. Da itacen ya bushe sai ya murɗe, ƙafa ɗaya ta ɗaga sama da kaurin yatsa. Lissafina daidai ne, kujerar ce ta ƙi.

Yanzu ki tuna, ya sanyin idona, ki tuna! Ran sha huɗu ga Nuwamba, bara, kin zo wurin Balki kuna ɓarar gyaɗa. An wanke tabarmi an shanya, babu wurin zama sai kujerar. Kika zauna, ta yi gefe da ke, ta dawo, ta sake yin gefe. Ina tsaye bakin ƙofa ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Ba ki yi dariya ba. Ba ki tashi ba. Kika miƙa hannu kusa da murhu kika ɗauko sakaina, kika ɓalle ta da babban yatsa, kika tura ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, kika gyara zama kika ce, "Ai ga ta ta zauna." Kika ci gaba da ɓararki awa ɗaya da minti goma. Abin da metir ya kasa, da bidiyo, da shekaruna na kolej, kika gama shi da ɓallin ƙwarya ba tare da kin ɗaga kai ba.

Da kika tafi na ɗauki hoton, ban taɓa komai ba. Ki duba ƙasa, wajen hagu. Sakainarki ce. Mutanen zaure sun ɗauka sakaci ne, sun yi shekara suna ce mini "Malam Sallau mai sakaina". Ban taɓa ba su amsa ba, don ba su ne suka zauna a kanta ba. Dariyar matan suna ma ba ta dame ni ba, gobe wani za su samu. Amma ke, Najaha? Ke ma ba ki gane ta ba? Ke da ke tsintar tsakuwa ɗaya a cikin tiyar gero, ba ki ga aikin hannunki ba? Wannan ne ya hana ni cin tuwo ran Litinin. Ranar da na rubuta da jan biro, ashe a wurinki ranar ɓarar gyaɗa ce kawai? Ko kin tuna, kunyar mata ce ta fi ƙarfi? Ban sani ba, kuma na rasa wanne zan fi so.

Gyaranta ba wuya. Alhaji Cha'ibu ya sha cewa in rage sauran ƙafafun uku su daidaita, har ya yi tayin buɗe ledar zartonsa. Sau uku na ɗora nawa zarton a kan ƙafar, sau uku na ajiye. In ta daidaita, sakainar ba ta da sauran aiki. Ni kuwa shekara arba'in da ɗaya gare ni, na bushe na murɗe yadda zan murɗe, kuma mace ɗaya na taɓa gani ta tarar da abu yana rawa ta tallafe shi maimakon ta tashi.

Ba zan yi miki alkawarin gado mai madubai ba, ban iya ba. Amma akwai guntun maɗaci da na jingine a inuwar rumbu, ya sha rani biyu, Tsoho Shekara ya ƙwanƙwasa ya ce ya daina ƙarya. Ban sa masa gizago ba. Ina jiran wadda za ta ce ga abin da take so.

Umarninki kuma na bi. Yau da safe na cire hoton. Ban sa gado ba, ban sa zaki ba. In kika duba za ki ga wannan inuwar mutum mai launin toka, marar fuska, kuma haka za ta zauna har Asabar. Kujerar tana hannun Balki tare da wannan takarda. Ki zauna a kanta sau ɗaya kafin Kawu ya kira ki. In rawarta ta ba ki haushi, ki tura ta murhu, ta bushe sarai, za ta dafa miki tuwo. In kuwa kika ga hannunki ya miƙa yana neman abin da zai tura ƙarƙashinta, kada ki fasa wata ƙwaryar. Sakainar tana aljihun rigata, wajen hagu. Ki ce da Balki in kawo ta.

Naki, mai rawa in ba ke, wanda ba zai sauya ba ko rani nawa ya sha,

Sallau