Cokali Biyu na Khal, Uku na Zuma

Zuwa ga Baban Dauda,

Gaisuwa mai yawa. Na so in rubuta da fatan kana lafiya kamar yadda aka saba, hannuna ya ƙi. Wata bakwai ke nan da muka binne ka, na kuma san takardar nan ba za ta taɓa zuwa hannunka ba. Shi ya sa ma na samu bakin magana. Da kana raye, da ban kai layi na biyu ba ka katse ni.

Gida lafiya. Ruwa ya sauka sosai bana, kwalbatin bakin layinmu na Sabon Tasha ya sake toshewa. Ɗanka Dauda ya gyara rufin kicin da ka shekara biyar kana cewa za ka gyara. Saratu, 'yarka da ka kora don ta auri wanda ba ka so, tana zuwa kowace Lahadi bayan sujada. Mijinta, bakaniken nan na Kakuri da ka rantse ba zai taka ƙofarka ba, a kujerarka yake zama, ya miƙe ƙafa. Ni nake kawo masa abinci da kwanonka.

Matan zumunta na cocinmu har yanzu da ni suke misali. Wai ba su taɓa ganin mace ta yi jinyar miji kamar ni ba. Sai in sunkuyar da kai in ce aikin Ubangiji ne. Kai kaɗai zan gaya wa yadda aka yi.

Ka tuna ranar da Malam Yohanna, abokin aikinka tun kuna matatar mai ta Rido, ya kunna maka wata murya a wayarsa? Wai shayi da ruwan khal na tuffa yana wanke ciwon suga tas, ba sauran haɗiyar ƙwaya. Ranar ka aiki ni kasuwa na sayo kwalba. Washegari ka juye magungunanka na asibiti a masai. Na yi magana, Baban Dauda, kada ka ce ban yi ba. A falo na ce ka sha shayinka, amma kada ka bar ƙwayar. Ka dubi Yohanna ka ce, "Mai wanke fo ce za ta koya mini magani?" Kuka yi ta dariya har da tafawa.

Gaskiya ne, na wanke fon marasa lafiya. Shekara goma sha ɗaya na yi ina taimaka wa nas-nas a ƙaramin asibitin nan na unguwar Television, kafin ka hana ni aikin. Da na roƙe ka ka bar ni in ci gaba, marin da ka yi mini ne ya kashe kunnena na hagu. Amma a shekarun nan na ga masu ciwon suga iri-iri, na san yadda abin yake farawa, na san inda yake ƙarewa. Daga ranar dariyar nan na ja bakina na rufe.

Kowace safiya nakan tafasa ruwa da citta da ɗan kirfa, in jefa ganyen shayi, in sauke in bari ya ɗan huce. Sai cokali biyu na khal, ɗaya na zuma, yadda muryar wayar ta ce. Ka ce tsamin yana kankare maka maƙogwaro, hannuna ba ya iya komai. Na mai da zumar cokali biyu. Ka sake ƙorafi, na mai da ita uku. Ka sha ka lashe leɓe, ka ce yau na yi hankali. Kana tsammani ban san abin da zuma take yi wa mai irin ciwonka ba?

Na ga ƙishirwa ta kama ka, kana shanye buta guda a zaune. Na ga tururuwa tana taruwa inda ka yi fitsari a bayan gida. Wandunanka suka soma zamewa, ka ce shayin ne yake fitar da cutar, ka kira Yohanna kana yi masa albishir. Na ɗauki allura na rage maka ƙugun wandunan.

Sai ka yi tuntuɓe da dutse a harabar coci, babban yatsanka ya fashe. Kai ba ka ji zafi ba, don ƙafar ta riga ta mutu da ji. Ni ce mai yanke maka farce ran Asabar. Na ga bakin ciwon ya yi baƙi. Na ji warin, na kuma gane shi, don na sha jin sa a ɗakin marasa lafiya. Na wanke maka ƙafar, na shafa man kaɗanya, na sa maka safa mai tsabta. Sati uku ina yin haka.

Dauda ne ya ji warin a mota, ya juya da kai asibiti ko gida bai bari mun biya ba. Likita ya tambayi wanda yake kula da kai. Na ce ni ce, amma ni ban yi boko ba, ban san komai ba. Ka ji da kunnenka, ka gyaɗa kai. Aka yanke ƙafar daga gwiwa, duk da haka abin ya riga ya shiga jini.

Kwana biyu kafin ka cika, da la'asar, ka kama hannuna. Rabon da ka riƙe shi haka tun ina amarya. Ka ce, "Rifkatu, duk duniya ke kaɗai ce ba ki taɓa cuta ta ba." Na ja bargo na rufe wurin da ƙafar take a da. Na fita baranda na yi kuka, har yau ban san ko na tausayinka ne ko na kaina ba.

To ni na kashe ka? Ban sa maka guba ba. Ban ba ka abin da ba ka nema da bakinka ba. Shekara talatin da takwas kana koya mini in yi shiru in yi abin da aka ce, na kuwa yi. Na san wannan amsar ba za ta ishe ni ba a gaban Ubangiji, kuma tun bayan jana'izarka ban iya karɓar jibin Ubangiji ba, gurasar nan da ruwan inabi da ake rabawa a coci. In tire ya iso layinmu sai in miƙa wa ta kusa da ni. Amma in ka tambaye ni ko na yi nadama, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina cin abinci da daɗi. Har na yi ƙiba.

Abu na ƙarshe. Dauda ya ce ya sa an bar fili kusa da kabarinka domin ni. Na gode masa, na kuma tara shi da Saratu na gaya musu: in tawa ta zo, a sa ni a mota a kai ni Mangu, ƙauyenmu. Kada ka jira ni.

Ka huta, in an ba ka hutun.

Ni ce,
Rifkatu 'yar Bitrus