Ta'aziyyar da Ba Mai Iya Karantawa

Ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da kai da Maryam da yara. Yaya sanyin Japan, yaya kuma haƙurin rashin surukinka? Mu nan Rogo lafiya lau, an gama cire gyaɗa.

Na so in yi wa Maryam ta'aziyyar mahaifinta da rubutun ƙasarsu, don ta san mun ɗauke ta tamu. Shi ya sa na kai faifan da ka aiko, mai juya Hausa zuwa harshen Japan, wurin Garba mai kwamfuta a Ƙaraye. Kwana biyu yana fama kafin na'urar ta karɓi rubutun Japanawa. Ina faɗa da Hausa yana dannawa, wasu zane-zane suna fitowa.

Da ya gama na ce, "Malam Garba, karanta mini in ji." Ka san haka Baba yake yi wa duk wanda ya rubuta wa wasiƙa, sai ya karanta masa ya ji. Sai Garba ya yi dariya, wai, "Hajiya, ai ko ni ban san abin da ta rubuta ba. Ki dai sa hannu."

In sa hannu! A kan mutuwa, Habibu? In zagi ne fa, ko saɓon Allah? Ban ɗaga murya ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Na bar masa takardarsa a kan tebur.

Don Allah ka zaunar da ita, ka faɗa mata da bakinka: Yaya Asabe ta ce Allah ya ba ta haƙuri, kuma tana da dangi a Rogo.

Ka sa mu a addu'a, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Asabe