Haƙorin Makkan Hajiya

Zuwa ga Yaya Shamsuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyali. Ya Fatakwal, ya aiki? Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Tarai lafiya lau sai gajiya, an gama cirar gyaɗa, dawa ma ta fitar da kai.

Maganar bakin mahaifiyarmu Hajiya ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da haƙoranta na tauna suka zube, daga kunu sai fate take iya sha. Ta rame sosai, har zani ya fara yi mata yawa. Kamar yadda ka ce a kai ta a yi mata dashen haƙori, sau uku ina tasowa daga Tarai, in biya Rano in ɗauke ta mu shiga Kano. A zuwa na uku aka yi mata hoton da likita ya nema. Ba irin hoton ƙashin da muka saba gani ba ne. An sa ta cire ɗankunne, ta ɗora haɓa a kan wani ɗan maɗori, aka ce kada ta motsa, sai na'urar ta zagaya kanta. Can sai ga muƙamuƙinta sukutum a kwamfuta, likita yana juya shi gaba da baya kamar mai duba ƙwarya a kasuwa. Ya nuna mana kaurin ƙashin, da inda jijiya ta bi, da wurin da ƙusar dashen za ta zauna. Hajiya ta yi salati, ta ce ba ta taɓa zaton za ta ga ƙashin kanta tana raye ba.

To, a nan murna ta koma ciki. A gindin haƙorinta na Makka, wanda ke daf da giɓin, hoton ya nuna wani baƙin rami. Likita ya ce ruɓa ce ke cin ƙashin a ɓoye, kuma ba zai yi dashe kusa da ita ba. Sai an cire haƙorin, wurin ya warke na wasu watanni. In aka bar shi, ƙashin zai ci gaba da cinyewa har a rasa inda dashen zai kama.

Hajiya ta ce allambaram. Na lallashe ta, na ce aikin Hajjinta yana wurin Allah, ba a baki yake ba. Sai ta ce marigayi Baba ne ya riƙe mata hannu ranar da aka sa mata haƙorin a Makka, kuma duk tsarabar tafiyar nan shi kaɗai ya rage mata.

Yaya, wallahi na gaji. Ni ce mai jigila, ni ce mai damun kunu, kuma ni ce mai laifi. Dama an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Jiya da na matsa mata, sai ta ce in Shamsuddeen ya ce a cire, to a cire. Laraba mai zuwa likita ya ba mu. Don Allah ka kira ta kafin nan, kuma kada ka yi mana irin taka ta duk yadda kuka gani daidai ne. Ka faɗa mata da bakinka a cire. Za ta yi fushi, na sani, amma wannan karon kai ma ka ɗauki rabonka a ciki.

Ka gaishe min da Mufida da yara. Kawu Ishiyaku na Kibiya yana gaishe ka, haka ma maigidana.

Ƙanwarka,
Afra'u