An Tura Auta Rufe Shagunan Layinmu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, ya kuma sauƙaƙa maka zaman nesa da gida. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana takawa bakin ƙofa da kanta, matar Auta kuwa ta shiga watanta, ko yau ko gobe muke jira. Na rubuto ne maimakon in kira, domin da na ɗaga waya Inna ke kasa kunne, kuma akwai abin da ban so ta ji.

Ka san bara gwamnatin jiha ta ciwo bashi mai nauyi don gina gadar sama. Da aka kai kasafin kuɗin bana gaban majalisa, sai aka tarar biyan bashin ya cinye abin da ake da shi. A zama ɗaya 'yan majalisa suka amince a ninka harajin shaguna sau uku, wanda bai biya ba a garƙame masa ƙofa. A rediyo na ji, na ce Allah ya kyauta, ban san a gidanmu abin zai sauka ba. Auta da ke zaune a tebur yana rubuta rasit a ofishin haraji, sai aka fito da shi da abokan aikinsa waje, aka ba kowa jakar kwaɗuna da takardar shagunan da zai rufe. Shi layinmu aka ba shi, wai ɗan unguwa ya fi sanin mai ɓuya.

Ranar Alhamis da hantsi ya rufe wa mai gyaran waya, ya rufe wa mai aski. Yana isa wurin mai injin niƙa mutane suka yi masa zobe. Wani ya fizge jakar, wani ya kwaɗa masa katako a goshi, can baya kuma aka ɗaga murya ana cewa a kawo fetur. Baba Kafinta, aminin marigayi Babanmu, shi ya kutsa ya jawo shi cikin shagonsa, ya tsaya a bakin ƙofa da tsufansa. Ya ce musu wannan yaron a gabansa aka haife shi, duk mai neman wanda ya ƙara haraji ya san hanyar majalisa, kada a mai da abin kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Sai da ya yi kusan awa guda a tsaye kafin suka watse. Auta ya ce mini yana tsugune a bayan kujerun da ba a gama ba, takardar na aljihunsa, kuma shagon Baba Kafintan ne na huɗu a ciki.

Gidana ya zo na wanke masa jinin, muka ce wa Inna daga babur ya faɗi. Da ya koma ofis, shugabansu ko sannu bai yi masa ba. Cewa ya yi ranar Litinin Auta zai koma layin tare da 'yan sanda, in ba zai iya ba ya ajiye aikin, akwai masu jira. Tun ranar unguwa ta canza mana. In na yi gaisuwa da ƙyar ake amsawa, mai kawo ruwa ma tsallake ƙofar Inna yake yi. Ban ga laifinsu ba, mai injin nan 'ya'ya biyar take ciyarwa ita kaɗai. Amma 'yan sanda yini za su yi su tafi, shi kuwa a layin nan yake kwana.

Na roƙe shi har da hawaye, ya ce haihuwa na tafe, in ya bar aikin me zai ba mai jego. Maigidana ya ce ya zo su riƙe wurin sai da kayan gini tare kafin Allah ya kawo wani aikin, Auta ya kawar da zancen. Ni tsoron mata yake ɗaukar maganata, amma kai tun rasuwar Baba bai taɓa tsallake taka ba. Ba kuɗi nake nema ba, Yaya. Ka kira shi kafin Lahadi, a wayarsa, lokacin da ba ya gida, ka ce masa kada ya fita aikin nan ranar Litinin.

Ka gaishe mini da Antinmu, da takwaran Baba, da 'yar lelenka mai surutu. Goggo da maigidana suna gaishe ka. Ka sa mu a addu'a, Allah ya nuna mana Talata muna cike.

Ƙanwarka,
Maman 'Yan Biyu