Baƙuwa da Tukunyarta

Lahadi, 15 ga Yuni

Biza ta fito, tawa da ta 'yata Khairat. Alhamdu lillahi. Maigidana Malam ne ya taho da fasfunan da zai dawo daga wurin aiki a Dokki, nan Alƙahira, ya ajiye su kan tebur kamar ba komai ba. Shi ba zai je ba, ba su ba shi hutu ba. Jirgi ranar ashirin ga Yuli.

Shekara bakwai rabona da yaron nan, babban. Ya yi aure a Ingila ban je ba. An haifa masa 'ya, aka sa mata sunana, sai a waya nake ganin takwarar tawa. Ko a cikin littafin nan ba na iya rubuta sunansa. Ɗan fari ne, hannuna ba ya yarda. Haka na ga Inna ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah.

Talata, 17 ga Yuni

Khairat ta nuna min hotunan inda za mu sauka. Ashe ba gidansa ba ne! Wani ƙauye ne can a wani yanki wai shi Kotswol, ko yaya suke faɗinsa. Gidaje na dutse masu launin zuma, rafi yana ratsa tsakiyar gari, agwagi, furanni har bakin taga, tumaki jibga-jibga kamar an hura su. Kyau kam akwai, ba zan yi ƙarya ba. Amma gidan da ya kama mana rufin ciyawa gare shi. Rufin ciyawa! Ni da na baro shi a Ɗanja shekara talatin, shi ne zan hau jirgi in je in tarar. Khairat tana ta dariya, wai turawa layi suke bi su kwana a irinsa. To su bi.

Sai ta karanta sauran bayanin. Ba otal ba ne. Babu mai girki, babu mai kawo maka ko ruwan zafi. Makulli ake ba ka, ka dafa abincinka da kanka, kwana bakwai.

Na ce ta sake karantawa. Ta sake. Haka ɗin ne.

Laraba, 18 ga Yuni

Ban ci abin kirki ba yau.

Juma'a, 20 ga Yuni

A garinmu ko baƙon da ba ka so ne, ka sauke shi a ɗakinka, ka aika masa da kwano a rufe. Ban taɓa jin inda aka kira uwa daga wata ƙasa aka kama mata gidan haya a daji aka ce ga murhu nan ba. Me na yi? Kunyata yake ji, kada maƙwabta su ga tsohuwa da zani? Ko matar ce?

Na sauka wurin Tagwa, maƙwabciyata ta hawa na biyu, Bahaushiyar Sudan. Da ban faɗa mata ba. Ta ajiye kofin shayi ta ce, “Ya Dije, ai matar ce, khalas, magana ta ƙare. Yaran da aka haifa a can ba sa son uwar miji a falonsu.” Kuma matar tasa, Safa, 'yar ƙasarsu ce ta wajen iyaye, amma ko tausaya mata ba ta yi ba. Na hau bene ina haki, gwiwa tana ciwo, zuciya ta fi ta ciwo.

Asabar, 21 ga Yuni

Na yi wa Malam maganar. Ko ɗago kai daga littafinsa bai yi ba. “Ki tambaye shi mana.” Ni? In buɗe baki in tambayi yaron nan don me bai sauke ni a gidansa ba? Ni da ko a waya gaisuwa ce kawai, lafiya lau, ya aiki, in miƙa wa ƙanwarsa. Malam ya san haka sarai, neman magana ne.

Na sa Khairat ta bugi cikinsa. Amsar da ta kawo: “Yaya ya ce za ki ji daɗin wurin.” Shi ke nan fa. Halin ubansa sak, kalma uku ya gama zance.

Talata, 24 ga Yuni

Na tuƙa tuwo da wannan cokalin katako na Misirawa, duk gudaji. Har yau ina jin haushin muciyata da na taho da ita daga Ɗanja, mai ƙuna a gindi, da ta ɓace a gidan nan shekarun baya. Na zargi kowa a lokacin, har matar mai gadin gida, Allah ya yafe min.

Khairat ta ƙara bincika ƙauyen. Kanti ɗaya ne, biyar na yamma a rufe. Babu masallaci. Mahaucin halal sai an yi tafiyar minti arba'in a mota. Wai babu ƙarar komai sai tsuntsaye. Ni da na saba da hon ɗin makarobas, ƙananan motocin hayar nan na titin Faisal, shirun ma tsoro yake ba ni. Idan na zauna da surukar da ba ta so na a cikin wannan shirun, da me za mu cika shi? Ba ta jin Hausa, ba na jin Turanci.

Asabar, 28 ga Yuni

Na ce gwiwa ta tashi, ba zan iya tafiyar ba.

Rabin gaskiya ne. Khairat ta tsaya tana kallona, sai ga hawaye. “Umma, shekara bakwai fa.” Na ce ta je ita kaɗai. Ta ce wallahi ba ta zuwa. Malam ya ce ma'alish, a yi haƙuri, ya fita masallaci tun ba a kira salla ba.

Litinin, 30 ga Yuni

Ya kira. Na miƙa wa Khairat wayar kamar kullum, amma ta sa yadda kowa zai ji, da gangan, 'yar banza. Ta faɗa masa. Can ya ce, “To. Allah ya ba ta lafiya.” Muryar ta yi ƙasa irin yadda take yi yana yaro idan aka hana shi bina kasuwa. Ina jin takwarata a bayansa tana buga wani abu.

Ya ce zai jira zuwa Juma'a kafin ya soke tikitin.

Talata, 1 ga Yuli

Idan aka soke, yaushe kuma? Yarinyar za ta girma tana sanina a gilashin waya. Amma in je a wulaƙanta ni a ƙasar da ko hanyar tasha ban sani ba? Na yi istihara. Ban ga komai ba, sai faɗuwar gaba.

Alhamis, 3 ga Yuli

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Da hantsi, Khairat tana jami'a a Giza, Malam yana ofis, waya ta yi ƙara, kiran bidiyo. Lambar Ingila amma ba tasa ba. Na ɗauka da mayafi a karkace. Safa ce, ita kaɗai. Ba mu taɓa magana mu biyu ba.

Da Larabci ta fara, irin na iyayenta, a kakkarye. Nawa kuma na kasuwar Faisal ne. Haka muka lallaɓa. Ta ce Mama ya gwiwa. Na ce da sauƙi, a daƙile.

Sai ta juya wayar ta nuna min gidansu. Ɗaki ɗaya ne da falo, hawa na uku, babu lif. Kicin ɗin, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Ta nuna wani abu a rufi, wai ko albasa ka soya sai ya kama ihu duk gini ya ji.

Ta ɗauko takarda. Gidaje goma sha ɗaya ta rubuta, a ƙauyuka daban-daban, ta soke goma. Tana nunawa da yatsa: wannan matakala ta yi yawa, saboda gwiwar Mama. Wannan murhun lantarki ne, ya ce Mama sai ta ga harshen wuta da idonta. Wannan kicin ɗin babu taga. Mai rufin ciyawar shi kaɗai ne mai ɗaki a ƙasa da murhun gas mai kai biyar. Wata biyu tana nema.

Na ce, to don me ba otal ba, a huta? Ta yi dariya. Abin da na fahimta: ya ce mata uwarsa ba ta sakewa a gidan da ba ita ke riƙe da tukunya ba, tsakurar abincin mutane take yi ta dawo gida da yunwa. (Ƙarya yake. To, ba ƙarya ba ne.) Ta ce, “A gidanmu ke baƙuwa ce, Mama. A can gidanki ne, mu ne baƙinki. Ni kuma ki koya min miyar nan koriya, na yi sau huɗu, yana ci yana cewa tamam, ta yi daɗi, amma na san ba ita ba ce.”

Sannan ta ce in tsaya. Ta miƙa hannu bayan ƙofar kicin ta ciro wani abu da ke rataye.

Muciyata ce. Da ƙunarta a gindi.

A jakarsa ya tafi da ita ranar da ya bar Alƙahira. Wai ba ya bari kowa ya taɓa, ko ita. Ya riga ya naɗe ta a tawul don tafiya ƙauyen, ranar Litinin ya warware ya mayar da ita ƙusa.

Ban san me na ce mata ba. Na dai ce wuta tana jirana, na kashe. Babu komai a kan wuta.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na ce wa Khairat gwiwar ta yi sauƙi, ta gaya wa yayanta kada ya soke komai. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ta wuce ta ba ni wuri.

Ɓarawo kawai. Shekara bakwai ina tuƙa gudaji.

Laraba, 9 ga Yuli

Wata ɗaliba da ta dawo daga Kano ta kawo min kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Khairat ta ce kilishi da man shanu ba sa shiga ƙasar, ƙwacewa ake yi. Daddawar fa, in suka buɗe suka ji wari? Na naɗe ta leda huɗu, har yanzu ina jin ta daga falo. Kuma wa ya san irin tukwanen da ke gidan, ko duk 'yan ƙanana ne na dafa ƙwai. Zan sa tawa a akwati, in cusa zannuwa a ciki.

Tagwa ta hauro tana tambaya. Na ce mata yarinyar tana da hankali. Ta ce tun yaushe? Na ce shayinki zai huce.

Asabar, 19 ga Yuli

Gobe ne. Gabana bai daina faɗuwa ba: jirgi, sanyi, masu binciken kaya, shirun nan. Ko takwarata za ta gudu in ta gan ni a fili? Na sake duba hoton gidan. Rufin ciyawar an gyara shi tsaf, wanda ya yi ya san aikinsa.

Na daka yaji roba biyu, ɗaya ta Malam da zai zauna shi kaɗai, ɗaya mai citta da yawa yadda yaron nan yake so. Na manna takarda a jikin ta biyun na rubuta Harun.

Don kada su cakuɗe ne kawai.